Wutar Hijaz Ta Shekara Ta 654 Da Zafin Da Ke Cikin Ƙasa

 

Darasinmu na wannan mako a kan ƙasar da muke takawa yake, da zafin da ke ƙunshe a cikinta, da irin motsin da wannan zafi yake haddasawa. Za mu shiga maganar ta ƙofar da ɗalibin tarihin Musulunci ya sani, watau birnin Madina.

Duk alhajin da ya yi tafiyar mota tsakanin Makka da Madina, in dai bai yi barci a hanya ba, ya ga waɗansu filaye na baƙaƙen duwatsu masu kaifi, shimfiɗe iyakar ganinsa, ba ciyawa ba itace. Larabawa suna kiran irin wannan fili "harra". Kalmar tushenta ɗaya da "harr", watau zafi, kuma masu ƙamus na dā sun bayyana ta da cewa ƙasa ce mai baƙaƙen duwatsu, sai ka ce wuta ce ta ƙone su. Madina kanta tana zaune ne tsakanin irin waɗannan filaye guda biyu, Harratu Waƙim ta gabas da Harratul Wabara ta yamma. Da su aka ambaci iyakar haramin Madina a cikin hadisi, kuma a ta gabas ɗin ne aka yi mummunan yaƙin nan na shekara ta 63 bayan Hijira, wanda ake kira Yaƙin Harra. Masu ƙamus sun ce "sai ka ce" wuta ta ƙone su, domin kamance kawai suka gani. To, a shekara ta 654 mutanen Madina sun ga yadda ake yin harra da idanunsu.

A farkon watan Jimada Lahir na wannan shekara, wanda ya yi daidai da ƙarshen watan Yuni na 1256, ƙasa ta fara girgiza a Madina. Da fari kaɗan-kaɗan, sa'an nan ta yi ƙarfi, ana jin wani ruri daga ƙarƙashi kamar tsawa, aka kwana ana yi aka wuni ana yi har kwanaki. Ran Juma'a sai ƙasa ta tsage a kudu maso gabashin birnin, wuta ta fito tana feshi sama, narkakken dutse kuma ya malalo kamar kogi ya nufo arewa, yana cinye abin da ya tarar. Jama'a suka firgita, maza da mata da yara suka taru a Masallacin Annabi suna kuka suna tuba. An ruwaito cewa alƙalin garin ya je ya yi wa sarkin Madina na lokacin wa'azi, shi kuwa ya 'yanta bayinsa, ya mayar wa mutane dukiyar da aka karɓe musu. Malam Abu Shama, wanda yake raye a Dimashƙa a lokacin, ya rubuta labarin daga wasiƙun da suka zo daga Madina. Ibn Kasir ya ɗauko daga gare shi a cikin Al-Bidaya wan Nihaya, daga baya kuma Samhudi ya tattara ruwayoyin a cikin tarihinsa na Madina mai suna Wafa'ul Wafa. Malamai irin su Ƙurɗubi da Nawawi, waɗanda su ma zamaninsu ne, sun ambace ta wajen bayanin hadisin nan da ke cikin Buhari da Muslim game da wata wuta da za ta fito daga ƙasar Hijaz.

Masu binciken duwatsu na zamanin nan sun je wurin sun auna. Sun tarar da tsagar da wutar ta fito tsawonta ya ɗara kilomita 2, da tuddai shida da suka taru a kanta, narkakken dutsen kuma ya yi tafiyar kilomita 23 kafin ya daskare, saura 'yan kilomitoci kaɗan ya iso gari. Ya toshe kwarin Ƙanat har ruwan sama ya riƙa taruwa a bayansa kamar tafki. Wutar ta yi kwana 52 bisa ruwayar da suka fi riƙewa. A nan ya kamata a yi hattara da wani ruɗani da ake yawan yi. A cikin watan Azumi na wannan shekarar ce Masallacin Annabi ya yi gobara, sai waɗansu su zaci wutar dutsen ce ta kama shi. Ba ita ba ce. Gobarar masallaci daga fitilar wani mai hidima ta tashi.

To, daga ina wannan wuta ta fito? Amsar tana bukatar mu san yadda cikin ƙasa yake.

Ɓawo da tsoka da ƙwallo

Daga inda mutum yake tsaye zuwa tsakiyar duniya akwai nisan kilomita 6,371. Abu Raihan Al-Biruni ya auna wannan nisa tun kimanin shekara dubu da suka wuce, daga kan wani dutse a Nandana cikin ƙasar Pakistan ta yau, ya kuwa zo kusa ƙwarai da lissafin zamani. Amma sanin nisa daban, sanin abin da ke ciki daban.

A ɗauki mangwaro a yi misali da shi, yana da ɓawo da tsoka da ƙwallo. Ɓawon ƙasa shi ne wanda muke zaune a kai, muke noma, muke haƙa rijiya. A ƙarƙashin teku kaurinsa bai wuce kilomita 5 zuwa 10 ba, a kan tudu kuwa yakan kai 30 zuwa 50, a ƙarƙashin duwatsun Himalaya har 70. Idan aka gwada da girman duniya, ɓawon mangwaro ma ya fi shi kauri. Ƙarƙashinsa sai tsoka, wadda ta tafi har zurfin kilomita 2,900, ita ce kuma ta ɗauki kashi 84 cikin ɗari na jikin duniya. Sa'an nan sai ƙwallo, wanda baƙin ƙarfe ne gauraye da wani ƙarfe da ake kira nikel. Ƙwallon kashi biyu ne. Na waje narkakke ne, yana gudana kamar ruwa, daga zurfin 2,900 zuwa 5,150. Na ciki kuwa daskararre ne, ko da yake ya fi ko'ina zafi, domin zafinsa ya haura digiri 5,000, kusan daidai da na fuskar rana. Abin da ya hana shi narkewa shi ne nauyin duniya duka da ke danne shi ta kowace fuska. A riƙe wannan magana ta danniya, za mu dawo kanta.

Mai hankali zai ce, wa ya je ya gano? Tambaya ce mai kyau, kuma ba wanda ya je. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa tsaye shi ne na Kola a arewacin Rasha. An fara shi a 1970, a 1989 ya kai mita 12,262, daga nan bai ƙara ba, domin zafin ƙasan ramin ya kai digiri 180, dutsen ya daina tsayawa yadda na'ura za ta huda shi. Shekara goma sha tara ana haƙa, ko rabin ɓawon wurin ba a kai ba.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne girgizar ƙasa kanta. Mace in za ta sayi tukunya a kasuwa takan ƙwanƙwasa ta da yatsa, daga amon da ta ji ta san ko ta tsage ko lafiyarta ƙalau, ba sai ta fasa ta ba. Haka girgizar ƙasa take ƙwanƙwasa duniya. Idan babbar girgiza ta auku, kaɗawarta tana ratsa cikin ƙasa ta ɓulla a wancan ɓangare na duniya cikin minti ashirin ko kusa da haka, na'urori kuma suna rubuta lokacin isowarta a tashoshi dabam-dabam. Kaɗawar iri biyu ce. Ɗaya tana turawa gaba ne, tana ratsa dutse tana ratsa ruwa. Ɗayar kuwa gefe da gefe take kaɗawa, ba ta iya ratsa abu mai ruwa-ruwa. Da masana suka lura cewa ta biyun nan tana ɓacewa duk lokacin da ta kai zurfin kilomita 2,900, sai suka gane akwai narkakken abu a wurin. Wani Bature ɗan Ingila, Richard Oldham, shi ya fara nuna akwai ƙwallon a 1906, Beno Gutenberg na Jamus ya auna zurfinsa 'yan shekaru bayan haka, sa'an nan a 1936 wata mace 'yar ƙasar Denmak, Inge Lehmann, ta gano akwai wani ƙwallo dabam a cikin narkakken. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin usulu, kafa hujja ce da abin da ake gani a kan abin da ba a gani.

Zafin kansa kuwa ba sai an yi nisa ake jin sa ba. A yawancin wurare, duk kilomita guda da aka nutsa zafi yakan ƙaru da digiri 25 zuwa 30. A mahaƙar zinariya ta Mponeng a Afirka ta Kudu, wadda zurfinta ya kai kilomita 4, dutsen yakan haura digiri 60, sai an riƙa tura ƙanƙara da iska mai sanyi kafin lebura ya iya aiki. Asalin zafin biyu ne. Akwai wanda ya rage tun farkon haɗuwar duniya, wanda har yanzu bai gama hucewa ba, kamar yadda tuwo mai yawa yake kwana da ɗumi a tsakiyarsa. Akwai kuma wanda waɗansu ma'adinai suke fitarwa a hankali yayin da suke rikiɗewa, irin su yuraniyom, shi ɗin nan da ake haƙa a Arlit ta Nijar, da toriyom da wani nau'i na fotashiyom. Masana sun ƙiyasta cewa kowannensu yana ba da kusan rabi. Jimlar zafin da ke fita daga cikin ƙasa ta ninka dukan makamashin da 'yan Adam suke amfani da shi fiye da sau biyu. Duk da haka kada wani ya ɗora masa laifin zafin bazara, domin abin da rana take sauko mana da shi ya ninka shi sau dubbai.

Dutsen da ke tafiya

Yanzu mun zo wurin da aka fi yin kuskure. Mutane da yawa, har da waɗanda suka yi makaranta, suna zaton ƙarƙashin ɓawon nan tekun wuta ne, muna yawo a kansa kamar kwalekwale. Ba haka ba ne. Tsokar ƙasa dutse ne daskararre, shaida kuwa ita ce kaɗawar nan da ba ta ratsa ruwa tana ratsa ta lafiya lau. Amma dutse ne mai zafi ƙwarai, dutse kuwa in ya yi zafi haka kuma aka ba shi lokaci mai tsawo, yakan motsa. Wanda ya ga kwalta a cikin duro ya san wannan hali. In ka buge ta da guduma sai ta fashe kamar kwalba, in kuwa ka kwantar da duron ka tafi ka dawo bayan wata guda, sai ka tarar ta malalo. To, haka tsokar ƙasa take, illa dai nata lokacin ba wata guda ba ne, miliyoyin shekaru ne.

Abin da ke motsa ta shi ne abin da ke motsa kunu a tukunya. Na ƙasa da ke kusa da wuta ya yi zafi ya yi sauƙi ya taso, na sama ya huce ya yi nauyi ya nutse. A cikin ƙasa ƙwallon ne murhu, dutsen da ya ɗau zafi yana tasowa, wanda ya huce yana komawa, tafiyar kuwa 'yan santimitoci ce a shekara, kamar tsirowar farce. Saman ƙasa, watau ɓawo da abin da ke manne da shi na tsoka mai sanyi, ba ya lanƙwasuwa haka. Shi ya sa ya tsattsage ya zama manyan fallaye, kamar sakainar ƙwarya da aka harhaɗa. Akwai fallen Afirka, akwai na Larabawa, akwai na Indiya, akwai na Turai da Asiya, da sauransu, kowanne yana tafiya tasa. Wani wuri suna rabuwa, wani wuri suna karo har ɗaya ya nutse ƙarƙashin ɗaya, kuma nauyin wanda ya nutse ɗin yana jan sauran fallen a bayansa. Alfred Wegener na Jamus ya faɗi cewa nahiyoyi suna tafiya tun 1912, aka yi masa dariya domin ya kasa nuna abin da ke tura su. Arthur Holmes na Ingila ya kawo maganar tafasar tsoka wajen 1930, amma sai cikin shekarun 1960, da aka auna ƙarƙashin teku, sa'an nan aka sallama. A yau da tauraron ɗan Adam ake auna tafiyar, shekara bayan shekara.

Malaman farko ba su yi sakaci da wannan babi ba. Ibn Sina a cikin Kitabush Shifa ya yi magana a kan yadda duwatsu suke samuwa, ya kuma danganta girgizar ƙasa da iska da tururin da suka maƙale a cikin ƙasa suna neman mafita, bisa ra'ayin da ya gada daga Yunanawa. Bayanin bai tsaya ba, amma ya nemi sababin a inda yake, watau a ƙarƙashi. Imam Suyuɗi kuma, wanda malamanmu suka sani ta Jalalaini, ya rubuta littafi sukutum mai suna Kashfus Salsala an Wasfiz Zalzala, inda ya jera girgizar ƙasa da aka yi a ƙasashen Musulmi shekara bayan shekara. Har yanzu masu binciken girgizar ƙasa suna komawa gare shi su san inda ta taɓa aukuwa, domin inda ta yi jiya nan za ta sake yi.

Mu koma Hijaz. Fallen Larabawa dā manne yake da na Afirka. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce ya fara ɓallewa, tsagar da ta buɗe tsakaninsu kuwa ita ce Bahar Maliya. Har yanzu tana ƙara faɗi, santimita guda zuwa guda da rabi kowace shekara. Watau tekun da Sahabbai suka ƙetare zuwa Habasha, wanda kuma kakanninmu mahajjatan ƙasa suka riƙa ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda, ya ƙara faɗin mita 14 zuwa 21 daga zamanin Hijira zuwa yau. Wani lokaci tsagar takan buɗe farat ɗaya. A watan Satumba na 2005, a yankin Afar na Habasha, ƙasa ta tsage tsawon kilomita 60 cikin 'yan makonni, faɗinta a wani wuri har mita 8.

Ga inda maganar danniya ta dawo. Mun ce tsoka daskararriya ce, kuma danniyar da ke kanta ce ta hana ta narkewa duk da zafinta. To, inda aka ja ɓawo ya yi siriri, dutsen mai zafi yakan taso ya cike gurbin. Da tasowarsa nauyin da ke kansa ya ragu, zafinsa kuwa bai ragu ba, sai wani ɗan kashi daga cikinsa ya narke. Narkakken ya fi abin da ke kewaye da shi sauƙi, saboda haka yake kutsawa sama ta kowace kafa, yana fasa duwatsu a hanya. Wannan fasawa ita ce girgizar da mutanen Madina suka kwana suna ji kafin wuta ta bayyana. Idan ya ɓullo, zafinsa yakan kai digiri 1,100 zuwa 1,200, in ya huce kuwa sai ya zama baƙin dutsen nan na harra. Filin da wutar 654 ta fito daga cikinsa sunansa Harratu Rahaɗ, shi ne mafi girma a Saudiyya, ya miƙe wajen kilomita 300 daga Madina ya yi kudu har kusa da Makka. Masana suna danganta shi da sauran harrori na yammacin ƙasar da buɗewar Bahar Maliya da kuma zafin da ke tasowa ƙarƙashin yankin. Ashe masu ƙamus sun faɗi gaskiya fiye da yadda suka zata.

Abin bai mutu ba. A 2009, a Harratu Lunayyir kusa da garin Al-Is, arewa maso yammacin Madina, na'urori sun rubuta ƙananan girgiza fiye da 30,000 tsakanin watan Afrilu da Yuni. Mafi ƙarfinsu ta zo ran 19 ga watan Mayu, ƙasa ta tsage tsawon kilomita 8, hukuma ta kwashe mutum wajen 40,000 daga yankin. Binciken da aka yi ya nuna narkakken dutse ne ya taso har saura kamar kilomita 2 ya fito, sa'an nan ya tsaya. Bambancin 654 da 2009 shi ne, na biyun an ji tahowarsa tun yana nesa, aka fitar da mata da yara cikin natsuwa.

Fallen da ke ɓallewa daga Afirka ta kudu, ta arewa karo yake yi da na Turai da Asiya. Wannan karo ne ya tayar da duwatsun Zagros na Iran, shi ne kuma yake matse ƙasar Turkiyya yana tura ta yamma. Duwatsun da ke bakin fallayen sukan maƙale shekara ɗari ko ɗari biyu ko fiye, ƙarfi yana taruwa, ran da suka kuɓuce sai su biya bashin tafiyar duka cikin minti guda. Haka aka yi a birnin Bam na Iran ran 26 ga watan Disamba na 2003, inda mutum fiye da 26,000 suka rasu. Haka kuma aka yi a kudancin Turkiyya da arewacin Sham ran 6 ga watan Fabrairu na 2023, inda aka rasa fiye da 50,000.

A nan akwai maganar da ta wajaba a faɗa. Duk lokacin da irin wannan ta auku, ba a rasa mai tashi ya yanke wa waɗanda abin ya shafa hukunci, ya ce zunubinsu ne ya fi na kowa. Wannan ƙarfin hali ne. Wanda ya shimfiɗa taswirar girgizar ƙasa ta duniya zai ga tana bin bakin fallayen nan ne kamar ɗinki a jikin riga, ta bi ta Indunusiya da Japan da Iran da Turkiyya da Chile, ba ta tambayar addinin mazauna wurin. Mu da muke tsakiyar fallen Afirka, nesa da baki, sauƙin da muke samu na wurin zama ne, ba shaidar mun fi mutanen Halab tsoron Allah ba. Tuba da komawa ga Allah lokacin firgita abu ne mai kyau, shi mutanen Madina suka yi, kowa kuwa kansa ya tuhuma, bai nuna maƙwabcinsa ba. Hadisi ingantacce ya lissafa wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai. In kuwa ana neman laifin ɗan Adam a irin wannan masifa, to, a duba wanda ya rage ƙarfe da siminti a ginin da ya san mutane za su kwana a ciki, domin yawancin waɗanda suke mutuwa gini ne yake kashe su.

Haka nan akwai masu gaggawar cewa wutar cikin ƙasa ita ce Jahannama, da masu lanƙwasa lissafin sassan ƙasa sai ya cika bakwai don ya dace da aya. Shawarata ita ce a bar wannan. Al'amarin Lahira gaibi ne, ba a auna shi da na'ura. Sassan ƙasa kuwa wani masani uku yake ƙirgawa, wani huɗu, wani biyar ko fiye, gwargwadon abin da ya sa a gaba. Wanda ya ɗaure ma'anar aya a jikin lissafin da yake canzawa, ran da lissafin ya canza ya jefa almajiransa cikin shakka ba gaira ba dalili.

Nisanmu da bakin falle bai sa muka rabu da zafin ƙasa ɗungum ba. Ruwan Wikki da ke Yankari, wanda yake fitowa da ɗumin digiri 31 rani da damina, daga zurfi ya ɗauko ɗuminsa. Tuddan Biyu da na Panyam tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta, Dutsen Kamaru kuwa ya yi amai a 1999 da 2000. Mafi ciwo shi ne abin da ya faru a tafkin Nyos na Kamaru daren 21 ga watan Agusta na 1986. Iskar da ke tsattsafowa daga narkakken dutsen da ke ƙarƙashin tafkin ta daɗe tana taruwa a gindin ruwa, a wannan dare ta tashi gaba ɗaya ta gangara cikin ƙauyuka, ta shaƙe mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500, da yawansu shanun Fulani makiyaya. Da aka gane sababin, sai aka kafa bututu a tafkin a 2001, aka ƙara biyu a 2011, suna fitar da iskar kaɗan-kaɗan kafin ta taru.

Saura abu ɗaya, wanda ya shafi mai salla kai tsaye. Narkakken ƙarfen nan na ƙwallon waje shi ma yana tafasa yana juyawa, kuma shi tafiyarsa ta fi ta tsoka sauri nesa ba kusa ba. Wannan juyawa ita ce take haifar da maganaɗisun duniya, wanda allurar kamfas take bi. Tun da abin da ke haifar da shi motsi yake yi, arewar da kamfas yake nunawa ba ita ce arewa ta haƙiƙa ba, kuma ba ta zama wuri ɗaya. Lokacin da James Clark Ross ya fara isa gare ta a 1831 tana arewacin Kanada ne, daga baya ta kama hanyar Saiberiya ta Rasha, a farkon shekarun 2000 har tana cin kilomita 50 a shekara. A arewacin Nijeriya da Nijar karkatar allurar kaɗan ce a wannan zamani, amma a waɗansu ƙasashe takan wuce digiri goma ko ashirin, kuma ƙarfen rodi da ke cikin gini ko mota da ke kusa yakan ƙara karkatar da ita. Saboda haka wanda aka ɗora wa fitar da alƙiblar sabon masallaci kada ya dogara da kamfas kaɗai. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba, ran 27 ko 28 ga watan Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da ran 15 ko 16 ga watan Yuli da ƙarfe 10:27 na safe, agogon Nijeriya da Nijar. A wannan lokaci sai a kafa sanda a miƙe tsaye a fili mai laushi, a ja layi a kan inuwarta. Wanda ya tsaya a ƙarshen inuwar ya fuskanci sandar, to, alƙibla ya fuskanta.